Mura mai zafi ta kama ni ina jego: in dakatar da shayarwa?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Haihuwata ta fari ce, jaririyata tana da sati 5. Jiya da yamma zazzaɓi ya rufe ni farat ɗaya, ga ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, ga tari da majina. Yara biyu a gidanmu sun yi irinta cikin makon nan. Uwar mijina ta ce in daina ba yarinyar nono har in warke, kada ta sha zazzaɓin, a sayo mata madarar gwangwani. Maigidana kuma ya karɓo mini haɗin ƙwayoyi a kyamis, ban sha ba tukuna. Me ya kamata in yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya, ya raya mana yarinya.

Kada ki cire ta daga nono, ko na wuni ɗaya. Ƙwayoyin kyamis ɗin nan kuma ki ajiye su tukuna, za mu zo kansu.

Yadda kika kwatanta ciwon, ya yi kama da infuluwenza, wato mura mai zafi. Murar yau da gobe a hankali take shigowa, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, hanci ya fara zuba, mutum yana ta harkokinsa. Ita kuwa wannan lokaci guda take kayar da mutum. Da hantsi kina lafiya, kafin magariba kina rawar sanyi, gaɓoɓi kamar an lakaɗa miki duka. Ga shi yaran gidan sun riga ki, kuma daga shaƙarta zuwa bayyanarta kwana 1 zuwa 4 ne, galibi kwana 2.

Ƙwayar cutar a hanci da maƙogwaro da huhu take zama. Tana fita ta tari da atishawa da numfashi, tana maƙalewa a hannu da hankici da bakin kofi. Ba ta bi ta ruwan nono. Zafin jikinki ma ba ya taɓa nonon, ba ya tsinka shi, ba ya sa shi tsami. Sannan mai infuluwenza yakan fara yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin shi kansa ya ji alamar komai. Ke nan lokacin da zazzaɓin ya rufe ki jiya, yarinyar ta riga ta kwana ta wuni a ƙirjinki tana shaƙar numfashinki. Raba ku yau ba zai goge wancan ba. Illa kawai ya hana ta abin da jikinki yake haɗawa yanzu haka: da zarar ƙwayar ta shiga, jiki yakan fara ƙera sinadaran garkuwa da suka dace da ita, wani kaso nasu kuma ya sauko cikin nono, ya shafe baki da maƙogwaro da hanjin jariri. Jaririyar sati 5 garkuwar jikinta ba ta yi ƙwari ba, allurar rigakafin wannan mura kuma ba a yi wa yaro sai ya cika wata 6. Ba na ce miki ba za ta kamu ba, tana iya kamuwa. Amma in ta kamu tana kan nono ta fi samun ƙarfin jurewa, kuma nonon shi ne ruwa da abincin da cikinta zai fi karɓa a lokacin. Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka duk a kan wannan suke: mai infuluwenza ta ci gaba da shayarwa.

Madarar gwangwani kuma tana da nata haɗarin da ba a lissafa ba. Tana buƙatar tafasasshen ruwa a kowane haɗi da bulumbotin da aka dafa, kuma kuskure kaɗan a tsafta sai gudawa, wadda ba ta da wuya ta galabaitar da jariri ɗan wata guda. Ke kuma nonon zai cika ya yi tauri, ya iya kumbura ya ƙara miki wani zazzaɓin a kan na farko. In aka yi kwana uku ko huɗu ba a tsotsa ba sai ruwan ya ja baya, domin jiki gwargwadon abin da aka cire yake mayarwa. Mata da yawa da suka ce za su dakata "na kwana biyu" daga nan shayarwar ta ƙare.

Ita Hajiya, uwar mijinki, ba da mugun nufi ta faɗa ba. Abin da ta tashi ta tarar ke nan, kuma jikarta take ji wa tsoro. Ba sai kin yi musu da ita ba, ballantana kina kwance. Ki bar maigidan ya yi mata bayani, ko mafi kyau ku tafi asibiti tare ta ji daga bakin ma'aikaciya. Sannan a ba ta aikin da ya fi haɗa madara amfani: ita ta riƙe yarinya tsakanin shayarwa, ta yi mata wanka, ta canza mata ƙunzugu, ta goya ta, a miƙo miki ita idan ta nemi nono. Sai dai in Hajiyan ta manyanta sosai ko tana da ciwon suga ko na zuciya, ita ma ta yi nesa da tarinki, don wannan mura tana wahalar da tsofaffi.

Zuwa asibitin nan kuwa ba don a gamsar da Hajiya kaɗai ba ne. Zazzaɓin mai jego ba a yanke masa hukunci daga gida, ko da duk gidan mura ake yi. A wajenmu kowane zazzaɓi sai an fara cire maleriya, kuma gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an gama. Tari da majina ba sa nuna babu maleriya, ana haɗa biyun. In ta fito za a ba ki maganin kwana 3, ki gaya musu kina shayar da 'yar sati 5, ki ci gaba da ba ta nono, maleriya ma ba ta nan take bi ba.

Kafin ki fita, ki shiga ɗaki ki duba nonuwanki da haske. Kumburin nono yana zuwa da zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon jiki sak irin na infuluwenza, har uwa ta yi ta shan maganin mura alhali matsalar tana ƙirjinta. Ki taɓa ki ji ko akwai wani gefe mai tauri, mai zafi, mai ciwo, ko fatar wurin ta yi ja ko ta yi sheƙi. In akwai, ki ci gaba da ba ta wannan nonon, kada ki murje shi da ƙarfi, ki ɗora tsumma mai sanyi bayan ta sha, a duba ki yau ko gobe. Haka in jinin biƙi ya dawo da wari, ko mara na ciwo, ko ɗinki ya fara ruwa, ko fitsari na zafi. Waɗannan ba mura ba ne, kuma ba sa jira.

Akwai wanda na fi so ki riƙe, domin namu ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya na bayan haihuwa a tsakanin matan Hausa, kuma har yau arewa maso yammacin Najeriya tana cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. Yana zuwa a watannin farko bayan haihuwa, kuma da tari yake ɓuya. Mace ta ga tana haki daga ɗaki zuwa madafi, ba ta iya kwanciya rigingine sai ta tara matasai, tari ya tashe ta tsakar dare tana neman iska, ƙafafu sun kumbura, zuciya na dukan uku-uku. Sai a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta, a ƙara kanwa a kunu, alhali gishirin kanwar ruwa yake tarawa a jiki yana ƙara wa zuciyar kaya. Duk mai jegon da ta ga haka, ko da mura ko babu, asibiti mai likita za ta nufa a ranar.

Zazzaɓin Lassa kuma ya fi tashi da rani. In zazzaɓi ya ƙi jin magani, ga ciwon maƙogwaro mai tsanani da amai, ko jini ya fara fita daga dasashi ko hanci, a sanar da ma'aikata tun daga bakin ƙofa. A cikin duk abin da na ambata, a nan ne kaɗai likitoci kan dakatar da shayarwa, kuma su ne za su yanke, ba gida ba.

To a ce an duba, infuluwenza ce. Ga abin da za ki sha. Farasitamol shi ne na farko: ƙwaya 2 masu miligiram 500 duk bayan awa 6, kada ta wuce ƙwaya 8 cikin awa 24, in kuma nauyinki bai kai kilo 50 ba a rage miki. Abin da yake shiga nono daga cikinsa kaɗan ne ƙwarai, bai kai ko kusa da abin da ake ba jariri da kansa ba. In ciwon jikin ya ƙi lafawa, wanda aka rubuta ibuprofen a kwalinsa ma ya dace da mai shayarwa, miligiram 400 duk bayan awa 8, bayan kin ci wani abu. Amma ki bar shi in kina da gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko hawan jini, ko asmar da irin waɗannan magunguna ke tayarwa, ko kuma ana zargin zazzaɓi mai sa zubar jini. Sauke zazzaɓin ba don jin daɗi kaɗai ba ne. Uwar da jikinta ya yi sanyi ta fi iya cin abinci da shan ruwa da riƙe yarinya.

Akwai maganin da ke yaƙar ƙwayar infuluwenza kanta, oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Babba yana shan miligiram 75 safe da yamma har kwana 5, kuma ya fi aiki in an fara cikin awa 48 da soma ciwo, wato ke kina cikin lokacin. Ɗan abin da ke shiga nono daga cikinsa bai kai ya cutar da jariri ba. Ba kowane kantin magani ke da shi ba, yana da tsada, kuma yawancin masu ƙoshin lafiya suna warkewa ba tare da shi ba. Waɗanda aka fi so su samu su ne masu ciki, da matar da ba ta wuce sati 2 da haihuwa ba, da masu sikila, asma, suga, ciwon zuciya ko ƙanjamau, da duk wanda ciwon ya yi wa tsanani. Ki tambayi likita, ki gaya masa akwai ƙaramar jaririya a hannunki.

Yanzu haɗin kyamis. In ƙwayoyi ne tsirara a ƙullin leda, fari da ja da rawaya ba suna, kada ki sha, don ba wanda zai iya ce miki ga abin da ke ciki. In a kwali suke, ki juya bayan kwalin ki karanta. Yawancin magungunan mura abu biyu ko uku ake haɗawa a ƙwaya ɗaya, kuma matsalar mai shayarwa tana cikin na biyu da na ukun. Wanda aka rubuta pseudoephedrine yana buɗe hanci, amma yana rage nono: a wani bincike da aka buga a 2003 a Ostireliya, mata 8 masu shayarwa sun sha miligiram 60 sau ɗaya tak, ruwan nononsu ya ragu da kusan kashi 24 cikin 100 a wannan rana. Ɗan'uwansa phenylephrine ma gara a kauce masa. Wanda aka rubuta chlorpheniramine shi ne mai sa barci, yana iya kashe wa jaririya jiki ta kasa tsotso da kyau, ke kuma ya sa ki barci mai nauyi da yarinya a gefenki. Sannan kusan dukkansu akwai farasitamol a ciki, sai mace ta sha na haɗin ta kuma sha nata daban, ta ninka ba ta sani ba, hanta ta ɗauki nauyin.

Asfirin ki bar shi, har da garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a ƙullin takarda, da yawansu asfirin ne a ciki. Haɗuwarsa da infuluwenza a jikin yara tana da alaƙa da wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, ba ta da yawa amma tana kisa. Kodin da tiramadol kuwa babu su sam ga mai shayarwa. Jikin wasu mata yana sarrafa su da sauri fiye da kima, su taru a nono, jariri ya yi ta barci har numfashinsa ya yi rauni. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a 2017, Najeriya kuma ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma kin san har yanzu ana samunsa a bayan kanta. Kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya ba su da aiki a kan infuluwenza ko kaɗan. Sai in likita ya ga ta rikiɗe ta zama namoniya, wato ciwon huhu, ko ciwon kunne, a lokacin akwai masu kyau ga mai shayarwa, shi zai zaɓa.

Tari da toshewar hanci abin gida ya fi musu. Ruwan ɗumi da zuma da lemon tsami, shayin citta, kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri mai ɗumi, ɗiga ruwan gishirin kyamis a hanci. In hancin ya hana ki barci, maganin fesawa a hanci ya fi na haɗiya aminci ga nono, amma kada ya wuce kwana 3. Zumar taki ce ke kaɗai. Yaron da bai cika shekara ba ba a lasa masa zuma, tana iya ɗauke da wata ƙwaya mai shanye jikin jarirai. Sirace ki yi in yana miki daɗi, amma yarinya tana hannun wani a wani ɗakin, don tukunyar tafasasshen ruwa da uwa mai jiri ba su haɗu da jariri a cinya ba. Man zafi kada ya taɓa ƙirjinki ko nononki, kada kuma a shafa mata a hanci ko ƙirji, haka kafur a cikin kayanta. Suna iya takura numfashin jariri, kuma a jikin wasu jariran namu suna fasa jini su kawo shawara. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, a bar su har ki yaye.

Tunda ta hannu da numfashi cutar ke tafiya, a nan aikin kare yarinyar yake. Ki wanke hannu da sabulu, ki cuɗa sosai har tsakanin yatsu na daƙiƙa 20, kafin ki ɗauke ta, kafin ki kama nono, da duk bayan kin fyace majina ko kin yi tari. Ki ajiye buta da sabulu da roba a bakin gado don kada nisa ya sa ki ƙyuya. Ki sa takunkumi ya rufe hanci da baki duk lokacin da take jikinki, in ya jiƙe ki canza. Ita ba a sa mata, ko kusa.

Abin da nake yawan gani a ɗakin jinya shi ne wannan. Uwa ta fyace hanci da bakin mayafi, ta yi tari a ciki, sannan yarinya ta yi kuka, ta ɗora ta a nono ta ja wannan mayafin ta lulluɓe mata fuska don kunyar idon mutane, da ta gama kuma ta goge mata baki da gefensa. Ta wanke hannu, ta sa takunkumi, amma duk ta rushe su da mayafi. Ki ware hankici ko takardar goge hanci domin majina kaɗai, ki ware wani tsumma mai tsafta na yarinya, ki riƙa canza riga kullum. Ba sai kin wanke nono kowace shayarwa ba, sai in kin yi tari ko atishawa a kansa yana buɗe. A kwanakin nan ki daina sumbatarta a fuska da hannu, kada ki tsotse mata majina da baki, in za a yi mata addu'a a yi ba tare da an tofa a fuskarta ba. Yaran gidan da ke tari su dakata da ɗaukarta, 'yan barka ma a ba su haƙuri su gaisa daga bakin ƙofa. An fi yaɗa cutar a kwana 3 na farko, amma tana iya kaiwa kwana 5 zuwa 7, don haka ki riƙe takunkumin mako guda.

Da dare ta kwana a ɗakinki amma a shimfiɗarta, taku biyu ko uku daga gare ki, rigingine, cikin gidan sauro. Mai zazzaɓi barcinta ba na kullum ba ne, kada ki ba ta nono a kan kujera ki ɓingire da ita. In za ki shayar a kwance, wani ya zauna kusa ya ɗauke ta in ta gama. A bar taga a buɗe ko da kaɗan ne. Na san da hunturu ana rufe ko'ina a shigo da kaskon gawayi, a ɗora turaren wuta, a kunna maganin sauro. Hayaƙin yana ƙara miki tari, yana fusata huhun jaririya, gawayi a rufaffen ɗaki kuma yana fitar da iska mai kisa da ba ta da wari. A sa mata kaya da hula daidai, kada a tula mata barguna har ta yi gumi.

Ke kuma ki sha ruwa. Mai shayarwa tana fitar da kusan kashi uku cikin huɗu na lita a nono kullum, ga zufar zazzaɓi a kai. Duk lokacin da kika ɗora ta a nono, kofi ya kasance a gefenki. Ki duba fitsarinki, in ya yi ja ya ƙanƙance, ruwa bai isa ba. Kunun gyaɗa, koko, farfesu, romo, lemo, kankana, duk abin da ya shiga, kaɗan-kaɗan sau da yawa. In akwai amai ko gudawa, ki haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti. Wankan jego a sassauta shi ya zama ɗumi, don tafasasshen ruwa a kan zazzaɓi yana jawo jiri da faɗuwa, kanwa kuma a janye ta. In ciwon ya faɗo cikin azumi, mara lafiya mai shayarwa tana da rangwame, ki karɓe shi. Shara da wanki da girki ba naki ba ne wannan makon.

Za ki iya ganin nonon ya ɗan yi laushi kwana biyu, yarinya tana neman sa akai-akai. Ba ƙafewa ya yi ba. Ki ba ta duk lokacin da ta nema, aƙalla sau 8 zuwa 12 dare da rana, zai dawo da kin fara ci da sha. Kada a cike mata da ruwa ko madara ko ruwan zam-zam ko rubutu, nono zalla har wata 6. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne fitsarinta: in tana jiƙa ƙunzugu sau 6 ko fiye a awa 24, tana samun abin da ya ishe ta. In jiki ya yi miki nauyi har ba ki iya riƙe ta, ki wanke hannu, ki sa takunkumi, ki tatsa a kofin da aka wanke da tafasasshen ruwa, duk bayan awa 3. Ki sa babban yatsa a sama, manuniya a ƙasa, a bayan baƙin da ya kewaye kan nonon, ki danna ciki wajen ƙirji sannan ki matse ki saki, kada ki ja kan. Mai lafiya ya ba ta da ƙaramin kofi ko cokali tana zaune a hannu, a bar ta ta lasa da kanta, ba ɗura ba. Tatsattsen nono a rufe yana kaiwa awa 4 a ɗaki mai sanyi, da zafi kuwa a ba ta da wuri, a firjin da wutarsa ba ta yankewa kwana 4. Ko kwantar da ke aka yi a asibiti, ki roƙa a taimaka miki ki ci gaba da tatsa.

Yawanci zazzaɓin kan sauka cikin kwana 3 zuwa 4, tari da kasala su ɗan daɗe har sati 2 ko fiye. Ki koma asibiti da gaggawa in numfashi ya fara yi miki wuya, ko ƙirji na suka, ko kin ga jini a kaki, ko kanki ya ruɗe, ko kin wuni ba fitsari. Haka in zazzaɓin ya wuce kwana 3 bai sassauta ba, ko ya tafi kin fara murmurewa sannan ya dawo da tari mafi muni, wannan alamar namoniya ce. Tarin da ya haura sati 2 ba sauƙi, da zufar dare da rama, a gwada tarin fuka.

Ita yarinyar kuma idonki da na Hajiya su kasance a kanta, domin jaririn da bai kai wata 3 ba ba a yi masa jinyar zazzaɓi a gida. Maigida ya sayo ma'aunin zafin jiki, ba shi da tsada, hannun mai zazzaɓi ba ya gane zafin wani. In ya nuna 38 ko sama, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne, kada a tsaya ba ta farasitamol a ga abin da hali zai yi. In ya nuna ƙasa da 35.5, jikinta ya yi sanyi ƙalau, shi ma haɗari ne iri ɗaya. Ki koyi ƙirga numfashinta: tana kwance shiru ba ta kuka, ki ɗage rigarta, ki kalli cikinta yana hawa yana sauka, wani ya riƙe agogon waya minti ɗaya cur. Jarirai sukan yi sauri su ɗan tsaya su ci gaba, shi ya sa ake cika mintin. A shekarunta, 60 ko fiye ya yi yawa, ki sake ƙirgawa, in ya maimaita ku tafi. In ta haura wata 2 iyakar ta koma 50. Ki duba ƙasan haƙarƙarinta, in yana lotsawa ciki sosai duk lokacin da ta ja iska, ko hancinta na buɗewa yana rufewa, ko tana gurnani a kowane numfashi, ko leɓenta da harshenta sun canza launi, kada a jira gari ya waye. Haka in ta ƙi nono sau biyu a jere, ko tana amayar da duk abin da ta sha, ko ta yi laƙwas ba ta motsi sai an taɓa ta, ko ta yi jijjiga, ko maɗigarta ta faɗa ko ta kumbura. A asibiti ki faɗa musu kina da infuluwenza, don jarirai ma ana ba su oseltamivir gwargwadon nauyinsu.

In majina ce kawai ta toshe mata hanci, tana shan nono, jikinta ba zafi, ki ɗiga mata ruwan gishirin jarirai ɗigo ɗaya ko biyu a kowace ƙofar hanci kafin shayarwa, ki goge abin da ya fito. Maganin tari ko na mura na ruwa ba na jarirai ba ne, ko an zana hoton jariri a kwalbar. Ɗigon kafso da ake saya wa jarirai a kyamis ma haka.

Allurar rigakafin infuluwenza ba ta cikin jerin da gwamnati ke yi kyauta a Najeriya, amma ana samunta a wasu asibitocin kuɗi, kuma ba ta da illa ga mai ciki ko mai shayarwa. A wani bincike a Bangaladesh da aka buga a 2008, jariran matan da aka yi wa ita suna da ciki sun samu raguwar kamuwa da kashi 63 cikin 100 a watanninsu 6 na farko. In Allah ya kawo wani cikin, ki tambaya a wajen awo.

Wadda ke gabanki yanzu ita ce rigakafin sati 6, mako mai zuwa ke nan. A cikinta akwai ta tarin shiƙa da ta ƙwayoyin da suka fi kawo namoniya, waɗanda su ne ke bin bayan mura su shiga huhun yara. Kada a ɗaga ta don kina kwance, kuma 'yar majina ba ta hana a yi mata. In ba ki warware ba, Hajiya ko maigida su kai ta da katinta. In kin warware ku tafi tare, a auna miki hawan jini, a saurari ƙirjinki, a duba nonon.